Shekara tara ina jinyar ɗana, yanzu hankalina ba ya tsayawa wuri ɗaya

"Assalamu alaikum Likita. Shekarata 36, 'ya'yana huɗu. Na biyun namiji ne, shekararsa tara. Shawara ta kama shi kwana uku da haihuwa ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Har yau ba ya zama da kansa, ba ya magana, kuma yana farfaɗiya. Ni ce cinsa, ni ce wankansa, ni ce juya shi da dare. Ban taɓa ƙorafi ba, na san Allah ne ya ba ni. Amma shekara biyu ke nan kaina ba daidai yake ba. Sai in shiga ɗaki in tsaya, na rasa abin da na zo ɗauka. Salla kusan kullum sai na yi ƙabli ko ba'adi. Ina ɗinki a gida, watan jiya sau biyu ina ɓata yadin mutane. Ana yi mini magana ina kallon mutum amma ban ji ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ran nan na tsaya da kwalbar maganinsa a hannu, na rasa na ba shi ko ban ba shi ba. Maigidana ya ce sakaci ne, uwar mijina ta ce a kai ni ruƙiyya. Ciwon mantuwa ne ya kama ni da ƙuruciyata, ko taɓin hankali ne ke tafe? Abin mamaki, ko ina tsakar gida numfashin yaron ya canza a ɗaki sai na ji." Wata uwa daga Zariya.

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba yaron nan sauƙi, ke kuma ya dafa miki. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma abin da ya tsayar da ni shi ne maganar da kika jefa a ƙarshe: kina tsakar gida, numfashinsa ya canza a ɗaki, kin ji. Matar da ƙwaƙwalwarta ke lalacewa ba ta iya wannan. Hankalinki yana nan, yana aiki ba dare ba rana. Gadi aka sa shi a bakin ƙofar yaron, shekara tara ba a zo an canje shi ba, shi ya sa in kin neme shi wajen yankan yadi ko lissafin raka'a sai ki tarar saura kaɗan ya rage miki.

Aikina shi ne zama da mutanen da damuwa ta yi wa nauyi, kuma na daɗe ina ganin mutane a ɗakin da ke kusa da inda ake yi wa yara gashi. Iyayen da ke bin layin gashin nan su ne suka fi ƙwanƙwasa mini ƙofa, alhali ba don kansu suka zo asibitin ba. Abin da kika rubuta na ji shi daga bakinsu ba sau ɗaya ba, har da maganar ƙabli da ba'adi. Duk da haka wasiƙa ba ta maye gurbin dubawa, ban auna jininki ba, ban ga idonki ba. Abin da zan iya shi ne in bayyana miki yadda abin ke faruwa, in nuna miki abin da ya kamata a bincika, sannan in faɗa miki abin da na ga yana aiki.

Abin ya ɓace ne, ko tun farko bai shiga ba?

In mutum ya ce ya manta, hanya biyu ce. Ko abin ya shiga kai ya zauna sannan ya goge, ko kuma tun farko bai samu shiga ba, don lokacin da yake faruwa hankali yana wani wuri. Naki na biyun ne. Ɗauki maganin nan. In sau biyu kike ba shi a rana, a shekara guda kin yi wannan aikin sau 730. Hannunki ya haddace shi, yana iya buɗe kwalba ya auna ya ɗura ba tare da ya nemi izininki ba, ke kuwa a lokacin kina sauraren tarin da yaron ya yi, kina lissafin ko kwalbar za ta kai ƙarshen wata. Na yau bai bambanta da na jiya ba, don haka ƙwaƙwalwa ba ta yi masa alama ba. Da kika waiwaya kika nema, babu abin da za a ɗauko.

Ga gwajin da nake yi wa mata a ɗakina. In kin tsaya a ɗaki kin rasa abin da ya kawo ki, sai 'yarki ta ce "Umma, ba almakashi kika zo ɗauka ba?", nan take kike tunawa? In eh, ma'ajiyar lafiya lau take. Mai ciwon mantuwa na gaske ko an tuna masa ba ya tunawa, yakan musanta cewa abin ya faru, yakan ɓata a unguwar da ya shekara talatin a cikinta, kuma galibi 'yan uwansa sun fi shi damuwa da halin da yake ciki. Ciwon ya fi kama waɗanda suka haura shekara 65. Mai shekara 36 da ta zauna ta tsara wasiƙa irin taki, da kwanan shawara da adadin yadin da ta ɓata, ba nan zan fara kai zargi ba.

Wurin da muke riƙe abu a kai yayin da muke aiki da shi ƙarami ne ƙwarai. Wani masani Ba'amurke, Nelson Cowan, ya tattara gwaje-gwaje a 2001 ya nuna cewa abin da mutum ke iya riƙewa a lokaci guda bai fi kamar guda huɗu ba. Ki ɗauka faifai ne mai cin ƙwai huɗu. Naki kullum biyu ko uku a cike suke: yana numfashi daidai? ya jiƙa? ya kusa lokacin magani? Gurbi ɗaya ya rage wa awon kafaɗa da na ƙugu da na tsawon hannu. Da wani ya yi sallama, ɗayan ya faɗi.

Shi kansa hankalin ba abu ɗaya ba ne. Tun 1990 Michael Posner da Steven Petersen suka kasa shi uku: zama cikin shiri, da saurin juyawa inda motsi ya fito, da ikon tsayar da kai kan aikin da ka zaɓa kana ture sauran. Kin taɓa ganin yaron da aka sa korar tsuntsu a gonar shinkafa? Janbaki ɗaya ba zai sauka a can ƙarshen fadama bai gani ba. Amma ki tambaye shi wa ya wuce ta kan hanya da jaki, ko ki ba shi lissafi ya yi a wurin, sai ki ga kamar ba shi da wayo. Kashi biyun farko sun yi kaifi a wurinki fiye da na yawancin mutane. Na ukun ne ya gaji, kuma shi ɗinki da salla da sauraren hira suke buƙata.

Abin da doguwar fargaba ke yi wa jiki

Idan jiki ya hango haɗari, ƙwaƙwalwa na aika saƙo ga wasu 'yan ƙululu biyu da ke zaune a saman ƙoda, su saki adrenalin da wani sinadari mai suna kotisol. Zuciya ta ƙara gudu, suga ya ƙaru a jini, ido da kunne su buɗe. Rahama ce, da ita kike zabura ki tare kansa kafin ya bugu da gado. An yi tsarin ne don ya tashi ya sauka. Amy Arnsten ta Jami'ar Yale ta shafe shekaru tana nazarin abin da ke faruwa da sashen ƙwaƙwalwa na bayan goshi, wanda shi ke tsara aiki da riƙe niyya da hana hankali zamewa. Ta nuna cewa fargabar da mutum ba shi da iko a kanta tana raunana wannan sashen, ragama ta koma hannun sassan da ke aiki da sabo da gaggawa. Ki lura da kalmar rashin iko. Wahala mai lokaci, kamar surfe ko wanki, jiki na jure ta. Farfaɗiya kuwa ba ta sallama. Tana iya zuwa kina wanka, tana iya zuwa kina sujada, saboda haka jikinki ya koyi kada ya taɓa sakewa.

An auna wannan a jikin iyaye. A 2010 Marsha Seltzer da abokan aikinta a Jami'ar Wiskonsin suka bi iyaye mata masu kula da 'ya'yansu matasa da manya masu larurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga. Suka riƙa karɓar yawunsu suna auna kotisol. Sai aka ga nasu ya yi ƙasa da na sauran mata, ya kwanta, kamar jikin ya gaji da amsa kira. Masu binciken suka ce irin wannan yanayin ne aka gani a jikin sojojin da suka daɗe a fagen daga. A 2014 Brian Lovell da abokansa a Jami'ar Northumbria ta Ingila suka tambayi iyayen irin waɗannan yara game da mantuwar yau da kullum, suka samu sun fi sauran iyaye fama da ita, kuma tana tafiya ne da yawan matsin da mutum ke ji. Kafin su, a 2004, Elissa Epel da Elizabeth Blackburn, wadda daga baya ta ci kyautar Nobel a 2009, sun duba jinin mata 58 a Kalifoniya, 39 daga ciki masu jinyar ɗa mai doguwar larura. Suka auna wani abu da ke bakin zaren gado a cikin ƙwayoyin jini, wanda ke gajercewa da tsufa, suka ga iya daɗewar mace tana jinya iya gajartarsa.

Ban kawo waɗannan don in tsorata ki ba. Na kawo su ne don maigidanki, domin kalmar sakaci ta yi nauyi a kan abin da ake iya gani a yawu da jini. Kuma gaskiya ita ce binciken nan ƙanana ne, an yi su a kan matan Amurka da Ingila, yawanci iyayen masu otizim, kuma suna nuna abu biyu na tafiya tare ne, ba su yanke cewa wannan kaɗai ya haifi wancan ba. Babu ɗaya daga cikin matan nan da ke ɗaukar yaro ɗan shekara tara a baya ta hau adaidaita sahu zuwa gashi, ko ta kwana tana yi masa fifita don an ɗauke wuta. Abin da ya sa na yarda da su shi ne sun yi daidai da abin da nake gani a gabana.

Barci

Da za a ce in yi miki tambaya ɗaya tak, ita ce: yaushe rabonki da barcin awa biyar a jere? Na taɓa yi wa wata mata wannan tambayar, ta yi shiru tana lissafi, sannan ta ce tun tana da cikinsa. Yaron yana da shekara bakwai a lokacin. Ita ma da maganar mantuwa ta zo, ba ta ambaci barci ba sam, don ta daina ganinsa a matsayin matsala.

A 2003 Hans Van Dongen da David Dinges suka yi wani gwaji a Jami'ar Pensilbeniya. Suka ɗauki lafiyayyun mutane, wasu aka ba su awa 8 a gado, wasu 6, wasu 4, har kwana 14. Masu awa 6 da ƙasa, kullum hankalinsu ƙara zamewa yake, har suka kai matsayin wanda ya kwana ɗaya zuwa biyu bai runtsa ba. Abin da ya fi muhimmanci gare ki shi ne, da aka tambaye su, cewa suka yi ɗan barci kaɗan suke ji. Sun saba da gajiyar, amma aikin ƙwaƙwalwar bai saba ba. Mako biyu ke nan, a jikin matasan da ba su da jinya. Kuma mai ƙarancin barci ƙwaƙwalwarsa na ɗaukewa na daƙiƙa ɗaya ko biyu ido a buɗe. Wannan ne kallon mutum ba ki ji ba da kika faɗa.

Yawan awanni ma ba shi kaɗai ba ne. Barci zagaye yake yi, kowane zagaye kamar minti 90, daga sama-sama zuwa mai nauyi zuwa na mafarki. Wadda ke tashi sau huɗu ta juya yaro, sauran lokacin kuma kunnenta a buɗe, tana iya kwanciya awa bakwai ta tashi kamar an yi mata duka. Don haka ki gaya wa likitan yaron yadda darensa yake, dalla-dalla. Yara masu irin larurarsa sau da yawa abin da ke tashinsu yana da magani: ciwon sanƙarewar gaɓoɓi, taurin bayan gida, abinci mai dawowa maƙogwaro, yunwa don bai ci ya ƙoshi ba, ko farfaɗiyar da ba ta gama kwanciya ba saboda ya ƙara nauyi maganin bai ƙaru ba. Masu gashi kuma suna iya nuna miki yadda za ki tokare shi da matashi ya daɗe a kwance bai takura ba. Na ga uwar da mantuwarta ta ragu ba don an ba ta komai ba, sai don an gyara wa ɗanta cikinsa.

Kuɗi, da gobe, da bakin mutane

Akwai wani abu da ke cin gurbi a faifan nan ko yaron yana barci. A 2013 Anandi Mani da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir da Jiaying Zhao suka gwada manoman rake 464 a jihar Tamil Nadu ta Indiya, sau ɗaya kafin girbi lokacin da aljihu ya bushe, sau ɗaya bayan an biya su. Mutum ɗaya, kai ɗaya, amma bayan kuɗi sun shigo ya fi iya gwajin tunani. Lissafin babu yana cinye hankali. Kuɗin magani, kuɗin famfas, kuɗin mota zuwa asibiti, ga yadin da za ki biya. A nan zan ce maigidanki ma ya duba kansa. Iyaye maza ba su cika zuwa wurina ba, amma in sun zo, sai ka ji ɗan kasuwa yana ba da canji fiye da kima, direba yana wuce kwanar gidansu. Wani lokaci mai cewa sakaci shi ma nasa kan a cike yake.

Sai tambayar da ke zuwa bayan kowa ya kwanta: in na mutu wa zai riƙe shi? Da 'yar uwarta: da na kai shi asibiti da wuri. Wannan ta biyun na fi jin ta daga iyayen da shawara ta taɓa wa yara. Ƙanwata, jego kike, kwana uku da haihuwa, kuma a gidajenmu da yawa in jariri ya yi ɗorawa cewa ake a shanya shi a hantsi ko a jiƙa masa magani. Kin yi aiki da abin da aka sani a ɗakin a ranar. Abin da ya faru sinadarin shawarar ne ya yi yawa a jininsa ya kai ga ƙwaƙwalwa. Ba ɗan ruwa ba ne, ba fitar magariba da ciki ba ce, ba kuma gadon gidanku ba ne don wani ya faɗa. Ina nanata wannan ne saboda tunanin da ke zagaye wuri ɗaya yana cin hankali kamar yadda aiki ke ci, kuma shi ba ya gajiya.

Maganar ruƙiyya kuwa, ba ni da ja da addu'a da karatun Alƙur'ani, na ga yadda suke kwantar da zuciyar mata da yawa. Abin da ba na yarda da shi shi ne duka, da shaƙa hayaƙi, da kwashe kuɗin maganin yaro a kai wa wani, da cewa a dakatar da na asibiti. Ki ce wa Hajiya a yi addu'a, a kuma auna jini. Rafkanuwa a salla ba alamar aljani ba ce. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi rafkanuwa a salla ya kuma koyar da yadda ake gyarawa. Hukuncin wadda abin ya zame mata kullum, malamai za ki tambaya, akwai sauƙin da suka yi bayani.

Abin da nake so a duba

Ki je asibiti da katinki, ba na yaron ba. A auna yawan jininki. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, kuma shi kaɗai yana kawo kasala da rashin tattara hankali. Haihuwa huɗu, ga uwar da ke cin ragowar abincin yaro a tsaye, ba zan yi mamaki ba. A duba hawan jini da suga da ƙululun wuya da ake kira tayirod.

Sannan ciwon damuwa. Rashin iya tattara hankali yana cikin alamominsa, kuma a wurin matanmu sau da yawa da shi yake fara bayyana, shi da ciwon kai da nauyin ƙirji, don ba mu saba cewa "ina baƙin ciki" ba. Ki tambayi kanki: a mako biyun nan, yawancin kwanaki zuciyata a cunkushe take? Abin da a da nake jin daɗinsa, biki ko hira ko ɗinkin kansa, ya fita raina? In eh, ki faɗa wa likita da bakinki. Yana da magani, na sha da na zama a yi magana. Kusa da ke akwai sashen kula da wannan a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Shiga can ba ya nufin hauka. In kuma tunani ya taɓa zo miki cewa gara Allah ya ɗauki ranki ko nasa ku huta, ki sani iyaye na gari da yawa sun faɗa mini haka suna kuka. Gajiya ce ke magana, amma kada ki kwana da shi ke kaɗai, ki gaya wa wanda kika yarda da shi, ki zo a wannan makon. Haka nan in kin ga kin ɓata a hanyar da kika sani, ko harshenki ya karye, ko ɓarin jiki ya yi nauyi, ko wani ciwon kai da ba ki taɓa irinsa ba, wannan na ranar ne, ba na jira ba.

Kada ki sayi maganin barci a kemis. Diyazefam da ire-irensa suna ƙara dusashe hankali da rana, suna kama jiki, kuma suna iya hana ki jin yaron lokacin da ya kamata ki ji. Goro da kofi bayan la'asar su ma suna cin barcin da kike da shi.

Zai dawo?

A 2009 Conor Liston da Bruce McEwen da B. J. Casey suka duba ɗaliban likitanci 20 a birnin New York da suka shafe wata guda cikin matsin babbar jarrabawa. Ikonsu na juya hankali daga abu zuwa abu ya ragu, hoton ƙwaƙwalwa ma ya nuna sashen bayan goshi ya yi rauni wajen haɗa kai da sauran. Bayan wata guda da wucewar jarrabawar aka sake dubawa, sun koma daidai da kowa. Wata ɗaya ba shekara tara ba ne, kuma jarrabawarki ba ta da ranar gamawa, don haka ba zan yi miki alkawarin komawa kamar 'yar shekara ashirin ba. Abin da na gani a aikina shi ne, in barci ya samu kuma aka rage nauyin ko da kaɗan, cikin makonni mace kan ce kanta ya fara washewa. In nauyin ya dawo, mantuwar ta dawo. Hakan ma shaida ce cewa kaya ne, ba lalacewa ba.

Inda za ki fara

Fara da magani, don shi ne mai haɗari. Ki cire shi daga kai ki mai da shi bango. Kalanda kusa da kwalbar, biro ɗaure da zare, kina ba shi kina yin alama kafin ki rufe murfin. Ki faɗa da baki, "na ba shi na safe", don abin da kunne ya ji ya fi zama. Ki jingina shi da abin da ba ya tashi, kamar idar da sallar asuba, gwargwadon tazarar da likita ya ce. Kuma zuwanki na gaba ki tambayi likitan: in na yi kokwanto, me zan yi? Amsar ta danganta da irin maganin. Kada ki ninka da ka.

Sai babban aikin, wato a karɓe ki gadi. A Ingila tun 2011 doka ta ɗora wa ƙananan hukumomi samar wa iyayen yara masu naƙasa ɗan hutu. Mu abin da muke da shi dangi ne, kuma dangi sun fi iya cewa "sannu, sai haƙuri" da a ce sun ɗauki dare guda. Sau da yawa ba mugunta ba ce. Tsoron farfaɗiyar suke, ke kuma kin ƙware har kin sa kowa ya ga kamar ba ki buƙatar kowa. "Ku taimaka mini" ba ta kawo kowa. Ki ambaci mutum, da rana, da awa: daren Talata da na Juma'a, daga isha zuwa asuba. Ki koya wa mutumin da hannunki: in ta tashi a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai buge shi, kada a sa masa cokali ko yatsa ko ruwa a baki, a duba agogo, in ta wuce minti 5 ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba a tashe ki a tafi asibiti. Sannan ki kwana a wani ɗakin. Wannan sharaɗi ne, domin muddin kunnenki na jin numfashinsa, mai gadin nan ba zai kwanta ba. Daren farko da na biyu da wuya ki yi barci, za ki tashi ki leƙa. Ki ci gaba, jiki sai ya ga an maimaita kafin ya yarda.

Malam, in an karanta maka wannan, da kai nake. Yaro namiji ɗan shekara tara, ɗaga shi da yi masa wanka da kwana kusa da shi dare biyu a mako bai fi ƙarfinka ba, kuma nauyinsa ƙaruwa yake, bayan matarka kuma ba ƙarfe ba ne. Ka gwada dare biyun nan na wata guda kafin ka sake yanke hukunci a kan hankalinta. Abu ɗaya nake roƙo, kada a juye kayan duka a kan babbar 'yarku. Na ga 'yan mata 'yan shekara goma sha biyu da ake cewa ba sa ganewa a makaranta, ashe su ne ke kwana da ƙanensu.

Ɗinki kuma, ki rubuta kowane awo a littafi, ki daina yanka yadi sai da safen da kika yi barci, kuma lokacin da yaron ke hannun wani. Taura biyu ba ta taunuwa. Kafin almakashi ya taɓa yadi ki karanta awon da ƙarfi.

Matan da kuke haɗuwa a layin gashi, ki karɓi lambar biyu ko uku. A 2014 Elisabeth Dykens ta Jami'ar Vanderbilt ta gwada zaman mako shida da iyaye mata 243 masu yara masu naƙasa, kuma waɗanda suka jagoranci zaman iyaye ne irinsu da aka horar. Damuwa da fargabar matan sun ragu, barcinsu ya gyaru. Na san wasu mata biyu 'yan unguwa ɗaya da suka yi abin da suka kira adashen yini: ranar Litinin ɗaya ta riƙe yaran biyu daga azahar zuwa la'asar, ranar Alhamis ɗayar ta karɓa. Ba wadda ke tsoron ɗan wata, don kowace ta san aikin. Wadda ke hutu ba wanki take yi ba, sun yi alkawari kwanciya za ta yi.

A bayan kalandar maganin, ki riƙa rubuta abu biyu kowace safiya: awa nawa kika yi barci a jere, da ko jiya an yi wata babbar mantuwa. Ki yi haka mako shida. In an gyara jini, an samu dare biyun nan, amma kin ga ba canji ko abin yana ƙaruwa, ki ɗauki takardar ki kai wa likita ki ce a yi miki cikakken gwajin tunani da ƙwaƙwalwa.